Ranar da Yaya Ta Janye Itace

Jikata ta haihu a tsakiyar bazara, haihuwar fari, aka kawo ta gidana a Birnin Kudu wankan jego. A danginmu wanka aikin yayata ne. Daga Fagam ta taso da ƙullin kanwarta, ta sa aka girka mata ƙatuwar tukunya a bayan ɗaki. Safe da yamma sai ruwa ya tafasa, ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa wa yarinyar, sannan a biyo da kunun kanwa.

Ni na yi yawo. Fataucin maigidana, Allah ya jiƙansa, ya kai mu Damagaram da Garwa, muka zauna Sudan, muka ƙare a Jidda. Duk inda na je cikin mata nake zama, kuma duk inda yanayi ya canza, a jikinsu nake fara gani. A Damagaram na ga masu tsohon ciki suna doguwar tafiya da tulu saboda rijiyoyi sun ƙafe. A Jidda wata maƙwabciyata 'yar Bangaladash ta gaya mini da gurguwar Larabcinta cewa ruwan teku ya shigar musu rijiyoyi, masu ciki suna shan gishiri, jininsu yana hawa. Ban zaci zan tarar da irin wannan a tsakar gidana ba.

Ba a daɗe da suna ba ƙafafun yarinyar suka kumbura, in ta kwanta sai haki. Muka kai ta asibiti. Likitar ta ce zuciyarta ce ta gaji, ta ba da magani, ta ce a wannan zafi in ba a bar tafasasshen ruwa da kanwa ba, za mu iya rasa ta.

Yaya ta ce, "Hajiyar Jidda, ke da likitarki! So kuke ta koma gidan miji da ɗanyen jiki, a ce a hannuna?"

"Yaya, ta koma da ranta dai tukuna."

"Ke wa ya gasa ki? Ba ga ki nan kina hawa jirgi ba?"

Na ƙudurta ko za mu ɓata, a bakin ƙofa za ta same ni.

Washegari ta hura wuta kamar kullum. Kafin ruwa ya yi zafi ta je randa ta ɗebo ruwan sha, ta kurɓa, ta furzar. Ɗumi gare shi kamar shayi, ga rana ko ɗagawa ba ta yi ba. Ta zo ta raɓe ni ta leƙa ɗaki, ta daɗe tana sauraron numfashin yarinyar. Sai ta koma murhu ta riƙa janye itace tana yayyafa masa ruwa.

"Da Inna take yi mana," in ji ta, ba ta ko dube ni ba, "ko a bazara sai mun ja mayafi da asuba. Yanzu garin kansa tukunya ne. Ba zan dafa yarinya sau biyu ba."

Da ruwan ɗumi aka ƙarasa wankan, kunu ya koma na gyaɗa. Kumburi ya saɓe, jikata ta koma gidanta a Sara da ƙafarta, goye da ɗanta.

A Fagam har yau wasu suna cewa asibiti ya saye Yaya. Ita kuwa duk gidan da aka kira ta, sai ta tsoma gwiwar hannu a ruwa kafin ya taɓa mai jego. Na ji kukan mata da Larabci, na ji da Fulatanci, amma wadda na ga ta kashe wutar da ta gada da hannunta, ciki ɗaya muka fito.