Akori-kurar Babanmu da Safayar da Ta Ƙi Shiga

Shekarun baya, lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, babanmu yana da wata tsohuwar akori-kura da ni nake tuƙawa. Ana gab da ɗebe albasa aksul ɗinta na baya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ya karye. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba, zama wuri ɗaya ciwo ne a wajena.

An tuge albasar an tara a gonarmu ta Sabiyal, noman shekara guda, ga hadari ya fara leƙowa da wuri. Ruwa ɗaya ya isa ya ruɓar da ita. Babanmu ya ce, "A ɗebe ta da jakkai, kamar yadda munka saba." Na ce haba Baba, muna da mota a gida?

Na karaɗe Jega ban samu aksul irin nata ba. Sai abokina bakanike ya ji labarin wata mota da ta faɗi a Maiyama. Ba irin tamu ba ce, amma ya auna aksul ɗinta ya ce zai yi. Muka kwanto aksul ɗin har da tayoyinsa. Yana walda ina tsaye a kansa, in dubi sama in dube shi, har ya ce, "Don Allah tahi ka sha hura, ka hana ni numhwashi."

Mota ta tashi lafiya lau. Na yi mata lodi har ta durƙusa, na kamo hanyar Aliero ina jin kaina. Ban yi nisa ba tayar baya ta yi faci. Na ɗaga jak, na ciro safaya, na kai na kawo, ta ƙi zama. Sai na duba da kyau: ramukanta biyar, sabon aksul kuwa noti shida gare shi. Daga ni har abokina babu wanda ya tuna da safaya.

Iska ta taso, gabas ta yi baƙi ƙirin, ko tamfol ban ɗauko ba. Wallahi na ji tsoro. Ina ta zagaya mota kamar kazar da za ta yi ƙwai, sai ga babanmu da jakunan maƙwabta, ashe tun safe ya aro su. Ya dubi safayar, ya nuna jakunan ya ce, "Waɗanga dai ƙahwahunsu iri ɗai na, gaba da baya. Kama buhu."

Buhun ƙarshe na shiga zaure ruwa ya sauko. Ni da na koro jakin baya ina waje, na jiƙe sharkaf.

Babanmu ya rasu, motar ma ta tafi wurin 'yan gwangwan, amma safayar tana nan a zaurenmu, na kasa rabuwa da ita. Har yau ban iya haƙuri ba. Sai dai kafin in hau kowace mota, nakan duƙa in ƙirga noti, direbobi suna yi mini kallon mahaukaci.