Ranar da Na Buɗe Baki Na Yi wa Ɗan Farina Magana

Abubuwa da yawa sun fara zame mini yanzu, har inda na ajiye carbina sai na yi ta nema, amma wata Asabar da ƙanwata ta yi mini sammako daga Dutsi ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekara shida ke nan, kuma har yau ina tuna yinin nan, don saura ƙiris in ɓata wa ɗana rayuwa ba tare da na ce masa uffan ba.

Ni haifaffiyar Baure ce, aure ne ya kawo ni cikin garin Daura. Yadda aka rene mu, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Haka na ga uwata ta yi da yayanmu, haka ni ma na yi. Ƙanwata, da ta zauna a wurina kafin ta yi aure, ita ce ta yi goyonsa, ita yake kai wa ƙara, ita ke jin sirrinsa. Ni kuwa daga gaisuwa sai gaisuwa.

Amma kada mai karatu ya ɗauka ba ma fahimtar juna. Da ya girma ya yi aure, a sashen gidanmu ya zauna da matarsa. In ya dawo daga asibitin da yake aikin awon jini, sai ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya gaishe ni, in amsa ba tare da na ɗaga kai ba. Daga muryarsa nake gane ko ya gaji. In na ji yana tari sai in daka citta da kanumfari in miƙa wa matarsa. Shi kuma in ya ga bokitina ya fashe, washegari sai in tarar da sabo a bakin rijiya, babu wanda ya ce da wani komai. Shekara talatin muna haka, ban taɓa jin akwai abin da ya rage ba.

Da ya samu aiki a wani babban asibiti a Fatakwal, ba ni ya gaya wa ba, babansa ya gaya wa. Malam, maigidana, ya shigo da la'asar ina tankaɗe ya sanar da ni. Na ce Allah ya sa alheri, na ci gaba da kaɗa rariya. Sai da ya fita na lura garin ya ƙare tuntuni, rariya kawai nake kaɗawa. Ban san inda Fatakwal take ba. Da na tambayi ƙaramar 'yata, ta ce mota tana yini ta kwana a hanya, kuma garin yana kusa da teku.

Kwana uku na yi ina haɗa musu kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, na ba matarsa. Ranar tafiya gida ya cika da masu sallama. Da mota ta tsaya a ƙofar gida, sai na ƙi fita zaure. Na san in na fita zan yi kuka a gaban jama'a, a ce wance ta yi wa ɗan fari kuka. Na shige ɗaki na saki labule. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, za mu tafi." Na ce a sauka lafiya. Ya ɗan jima a durƙushe, kamar mai jiran wani abu, sannan na ji takunsa yana nisa. A lokacin ban ɗauki wannan jiran a bakin komai ba.

Bayan tafiyarsu ne abin da ban san sunansa ba ya same ni. Ba ciwo nake ba, ba kuma lafiya gare ni ba. Sai in auna garin tuwo kamar suna nan, in zuba miya a kwanonsa in rufe, sai an gama cin abinci in ga kwano ɗaya ba wanda ya taɓa. Rannan na sa mayafi na shiga maƙwabta, muka gaisa, matar gidan ta zuba mini ido, ni ma na zuba mata, na rasa abin da ya kawo ni. Duk babur ɗin da ya tsaya a layinmu gab da magariba sai na saurara, kamar shi ne ya dawo daga aiki. Jikanyata 'yar shekara uku, wadda nake kira ƙawata, ita ce ke cika mini tsakar gida da surutu. Da ta tafi, gidan ya yi mini faɗi.

Malam ya ga ina ramewa ya kai ni asibiti. Aka auna jinina aka ce lafiya lau. Ma'aikaciyar ta dube ni ta ce ko akwai abin da ke damuna a gida. Na ce babu, kuma ba ƙarya na yi ba, don ni kaina ban gane ba. A tunanina ai yaron nan da ma ba hira muke yi ba, to mene ne na rasa?

Waya ce ta ƙara dagula al'amarin. Kafin ya tafi ya saya mini babba, mai nuna fuskar mutum. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya kira. Ina wuni, lafiya lau, ya aiki, an gode Allah, ya mutanen gida. Daga nan sai shiru. Ga fuskarsa cike da tafin hannuna, ni da ban saba kallonsa ido da ido ba. In kau da kai, sai ya ga bango. In rasa abin cewa, sai in ce ya ba ni ƙawata. Da ita kam sai mu yi ta zuba, in tsokane ta, ta rama. In an kashe wayar kuma sai in yini kwance, abinci ya ƙi shiga.

Da na ga kowace Juma'a haka take ƙarewa, sai na fara barin wayar tana ƙara har ta gaji. Ina zaune kusa da ita, ina kallon hotonsa yana haske, hannuna ya ƙi miƙewa. In Malam ya tambaya sai in ce ina madafi ban ji ba, ko in ce abin nan ya fi ƙarfina, ban iya latsa shi ba. Shi kuma ranar Lahadi yana Mai'adua wurin cinikin hatsi, sauran kwanaki yana rumfa, bai san yawan kiran da na ƙi ɗauka ba. Haka aka yi wata biyu cur.

To, ranar Asabar ɗin nan, ko kunu ban gama damawa ba sai ga sallamar ƙanwata. Na san ba banza ba, don ba ta zuwa ba ta aiko ba. Ta ƙi zama a tabarma, ta ja ni ɗaki. Ta ce matar ɗana ce ta kira ta tana kuka. Wai ya rubuta takardar ajiye aiki, ranar Litinin zai miƙa, su tattaro su dawo Daura.

Na tambaye ta ko korarsa za a yi. Ta ce a'a, ana ma son sa a wurin. Na ce to ko garin ne bai karɓe su ba. Ta girgiza kai.

"Yaya, ke ce. Ya ce ba ki sa wa tafiyar nan albarka ba. Ranar da zai tafi ba ki fito ba, yanzu kuma kin daina ɗaukar wayarsa. 'Yarsa ta yi zazzaɓi an kwantar da ita, shi kuma ya faɗi a babur ya gurɗe hannu, duk ya ce fushinki ne ke bin sa."

Kaina ya ɗaure. Ban ma san yarinyar ta kwanta ba, ban san ya faɗi ba. Na ce wane irin fushi, ni da ba na idar da salla ban roƙa masa Allah ba, shi nake fara ambata kafin ƙannensa. Ta dube ni ta ce, "Shi ya ji?"

Ta ajiye wayata a kan gado ta ce in kira shi. Na ce ta bari in gama aikin gida tukuna.

A nan ne zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai daga baya. Da na koma madafi, wani farin ciki ne ya taso mini. Zai dawo. Ba sai na roƙe shi ba, ba sai na ce komai ba, in dai na ci gaba da shiru zuwa Litinin, ƙawata za ta dawo tsakar gidan nan, babur zai riƙa tsayawa da magariba. Kuma ba wanda zai ce na yi laifi, tunda ban ce ya dawo ba. Ina wanke tukunya ina murmushi, can kuma sai kunya ta rufe ni, sai in ji hawaye. In ce zan kira, in wanke hannu, in isa ƙofar ɗaki in juyo. Shinkafar da na ɗora ranar ta kama, na zuba gishiri sau biyu. Ƙanwata tana zaune a inuwa tana kallona.

Da Malam ya dawo sallar azahar, ta gaya masa. Ya ce shi ma tun da yaron ya tafi bai ƙara jin daɗin zaman zaure ba, wanda ban taɓa zaton zai faɗa ba. Sannan ya juyo gare ni ya ce shekara nawa yaron nan ya yi yana karatu don ya kai inda ya kai, in ya dawo saboda tsoron abin da babu shi, kullum na gan shi a gidan nan zan san dalili. Bai ce in kira ba, bai ce kada in kira ba. Ya ɗauki buta ya fita.

Bayan la'asar na ce ƙanwata ta latsa mini lambarsa, amma kiran murya kawai, ban da fuska. Ta miƙo mini ta fita ta ja ƙofa. Ya ɗauka da sauri, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya gaishe ni. Na amsa. Na rufe ido na juya wa ƙofa baya, sai magana ta ɓalle mini. Na gaya masa dalilin da ya sa na saki labule ranar tafiyarsa. Na gaya masa zancen kwanonsa, da zuwa asibiti, da yadda nake zama kusa da waya ina kallonta. Har ranar da aka haife shi na ba shi labari, yadda na jira mata suka fita sannan na ɗauke shi na ƙare masa kallo. Na yi ta magana ina kuka, ban taɓa yin doguwar magana irin wannan da wani namiji ba, har Malam.

Da na tsaya ina jiran abin da zai ce, sai na ji shiru. Na duba wayar, ta yi baƙi. Na kira ƙanwata, ta duba ta ce sabis ne ya ɗauke, kiran ko minti ɗaya bai yi ba. Ashe daga gaisuwa ya katse. Duk abin da na faɗa, bango na gaya wa.

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Ƙanwata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na ce shi ke nan, ni kam na gama, ba zan iya maimaitawa ba, ita ta gaya masa. Ta ce ta riga ta gaya masa tun jiya bai yarda ba, ya ce rufa mini asiri take yi. Muna cikin haka wayar ta yi ƙara a hannunta. Ta danna ta manna mini a kunne.

Wannan karon kalmomin duk sun gudu. Abin da ya rage kaɗan ne. Na ce, "Ka ji ni da kyau. Ban taɓa yin fushi da kai ba, ko na yini ɗaya. Kewarku ce ta hana ni ɗaukar waya. Ka yaga takardar nan, ka zauna a kan aikinka. Na yafe maka duniya da lahira, Allah ya yi maka albarka."

Na ji numfashinsa ya canza. Ya daɗe bai yi magana ba, har na sake duba wayar don in tabbata ba ta mutu ba. Can ya ce, "Inna, ki ƙara faɗa." Na ƙara faɗa. Ta bayansa na ji matarsa tana ta godiya ga Allah. Da ya natsu na tambaye shi hannun, na yi masa faɗan ɓoye mini ciwon yarinya, ya ba ni haƙuri. Faɗan ma a ranar na fara yi masa kai tsaye.

Bai ajiye aikin ba. Har yanzu suna can, sun ƙara 'ya'ya biyu, suna zuwa da babbar salla su yi mako biyu. Ba zan ce kewar ta wuce ba, ranar da za su koma har yau ba na iya cin abinci. Amma yanzu ina rako su har bakin mota, kuma mai son ya yi magana ya yi. Doguwar maganar da bango ya ji kuwa, a hankali na riƙa ba shi ita guntu-guntu, wata a waya, wata in ya zo.

Ban ce alkunyar da iyayenmu suka koya mana ba ta da kyau ba, har gobe ina riƙe da rabona daga cikinta. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, shiru yana da ma'ana ne in mutum yana kusa, yana ganin abin da hannunka ke yi masa. In ya yi nisa, shirun nan shi zai cika shi da abin da ya fi tsoro. Duk uwar da ɗanta ya yi nisa, in tana sa masa albarka a zuci, ta daure ta faɗa da baki, ta kuma tabbata ya ji.