Ranar da Na Cike Rijiyar Kawu

Na daɗe ina tuƙa katafila, amma a duk waɗanda suka ratsa hannuna babu wadda na so kamar tsohuwar da aka ba ni lokacin aikin dam a ƙasar Karaye. Fentinta ya koɗe, ba ta da rufi sai wani guntun kwano da makaniki ya ɗaura mata, kujerar kuwa sai da na ninka buhu na ɗora. Amma in ta kafa baki a gindin itace ba ta ja da baya. Kuma ba ta ɓoye mini komai. Tun kafin sarƙarta ta fara nutsewa a laka, zan ji a hannuna.

Mu biyu ne direbobi a ɓangarenmu. Ɗayan mutumin Rogo ne, ya girme ni, yana tuƙa sabuwa 'yar Japan mai ɗakin gilashi. Kullum in mun zauna cin abincin rana sai musu ya tashi.

"Malam, taka ai azaba ce," in ji shi. "Tawa da yatsa biyu nake juya ta, in sauka da yamma bayana lafiya lau."

"Sauri dai gare ta, Yaya. Ranar da ta gamu da bishiyar kuka ai ni kuke kira."

Sai ya yi dariya, don ya san haka ne.

Aikinmu shi ne share duk filin da ruwa zai kwanta: a ka da itatuwa, a rushe katangun da aka bari, a cike ramuka da rijiyoyi. Mutanen wurin an riga an yanka musu fili a kan tudu, yawancinsu sun tashi. Ban taɓa sa damuwar abin a raina ba, sai wata safiya da shugaban aikinmu ya nuna mini inda zan shiga. Unguwar kawuna ce, wan mahaifiyata.

Kawu manomi ne mai shanu, da Fulatanci yake yi musu magana, mu kuma ya yi mana Hausa. A bayan gidansa akwai rijiyar da ya haƙa da hannunsa tun yana saurayi. Ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Ya kwashe iyalinsa ya kai su sabon matsuguni, amma can babu ruwa tukuna, don haka kullum yake koro shanun nan su sha.

Na same shi a bakin rijiyar da guga a hannu. Na kashe inji, na sauka, na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi gida, ya tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta, ya tambayi aiki. Sai da muka gama duka sannan ya dubi katafilar.

"Kai aka turo, ɗana?"

"Ni ne, Kawu."

"To, alhamdu lillahi. Gidan ka rushe, mangwaron ma ka ka da shi. Rijiyar kawai za ka bar mini zuwa faɗuwar ruwa. Bai fi wata ɗaya ba."

Na ce bari in je in yi magana. Na taka da ƙafa har inda shugaban aikin ya ajiye motarsa. Ba mugun mutum ba ne. Ya saurare ni har na gama, yana share gumi.

"Jibi tirela za ta zo ta kwashe injinan nan zuwa wajen Jajaye," ya ce. "Masu duba aiki gobe za su zagayo. In suka ga rami a buɗe, ni da kai duk mun tafi."

"Yallaɓai, ko a rufe ta da itace, a watsa ƙasa a kai?"

"In saniya ta rufta fa? Ko mutum? Ba ni na tsara ba, Malam. Ni ma turo ni aka yi."

Na juya zan tafi. Abokin aikina ya ji komai. Ya ja ni gefe ya ce, "Ka koma nawa ɓangaren, ni in yi wannan. Zan rufe gilashi, ba na jin kowa."

Na koma na gaya wa Kawu yadda aka yi, har da tayin da aka yi mini. Ya girgiza kai.

"A'a. In dai sai an yi, kai za ka yi. Ka bari su sha tukuna."

Na karɓi gugar na taya shi ja. Muka cika kwami, shanu suka sha, muka sake cikawa har suka ɗaga kai da kansu. Ya cika tulu biyu ya ɗora wa jaki. Ya yi alwala da sauran, ya kwance igiyarsa daga jikin gwafa, ya naɗe ta a kafaɗa, ya koma gefe ya tsaya.

Na hau. Ban taɓa jin nauyin libar sarrafa bakin katafilar kamar ranar ba. Na turo ƙasar katangar gidan, na kawo ta bakin rijiyar. Turin farko na ji ƙarar faɗawarta cikin ruwa, duk da rurin inji. A na huɗu ban ƙara jin komai ba. Na bi ta kai na daddanne, kamar yadda ake so. Da na waiwaya, Kawu ya riga ya kora shanunsa, ban ga ko fuskarsa ba.

Ruwan sama ya yi jinkiri a shekarar. Kogi na da nisa daga tudun, shanun suka rame a hanya, biyu suka kwanta ba su tashi ba. Ya fara kai sauran kasuwa da ɗai-ɗai. Duk wannan a bakin mahaifiyata nake ji, don na kasa zuwa. Da na ce zan bar aikin, ta ce in bari in ci me, kuma wa hakan zai mayar wa rijiya?

Sai bayan shekara biyu na je. Ya tarbe ni da murna, ya shimfiɗa mini buzunsa, bai ambaci komai ba. Turakun shanun na nan a kafe, babu ko ɗaya a ɗaure. Aka kawo fura, ya miƙo mini ƙwaryar da hannu biyu.

"Ka yi haƙuri, ɗana, da ruwa aka dama. Babu nono yanzu."

Na karɓa na sha, yana ta ba ni labarin geron da ya shuka a sabuwar gona, wai ƙasar tsakuwa ce amma ana lallaɓawa. Na kwana biyu a wurinsa, na taya shi noma, na dawo bakin aiki ranar Asabar.