Faifan da Ya Ƙare a Hannun Inna

Mutanen Jibiya na wancan lokacin sun san ni da abu biyu, ɗinki da surutu a kan waƙa. Ɗinkin ba zan cika baki a kansa ba, akwai waɗanda suka fi ni. Amma kunne, ban yarda akwai wanda ya kama ƙafata ba daga Daddara har bakin iyaka. Shekarun ne da ake ta maganar mulkin kai amma Bature bai tafi ba tukuna. Rumfata tana dab da sandar kwastan, inda motocin gyaɗa masu fitowa daga Maraɗi suke jeruwa kafin a sallame su su wuce Kano. A cikinta akwai keken ɗinki, akwai benci, akwai kuma garmaho da na saya a hannun wani direba da ya gaji da shi.

Yaran yanzu ba su san garmaho ba. Akwati ne mai hannu a gefe, ka murɗa shi har ya yi tauri, ka ɗora baƙin faifai, ka sauke masa allura a hankali. Allurar ta ƙarfe ce, a ɗan gwangwani ake sayar da su, kuma ba ta da tsawon rai. Waƙa ɗaya ko biyu, bakinta ya dakushe, sai a jefar. Wanda ya yi rowar allura faifansa zai ci, don dakusasshiyar allura kankare waƙar take yi har ta zama ƙara kawai. Na sha yi wa mutane faɗa a kan wannan, har da waɗanda suka girme ni.

Direbobi ke kawo mini fayafai, ni kuma ina gaya musu abin da ya kamata su ji, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Wanda 'yan duwan, wato kwastan na ɓangaren Faransi, suka wahalar, ya iso yana huci, kalangu nake sa masa, kafin a juya faifan ya manta da fushinsa. Wanda ya rabu da matarsa ba na sa masa goge, ko ya roƙa, don na taɓa ganin ƙaton mutum yana share hawaye da hularsa a kan bencina. Akwai na mutanen Kwango mai jita da ke zuwa ta Maraɗi, ba ma jin ko kalma ɗaya, amma babu kamarsa wurin taka keke, ƙafa bin kiɗan take yi da kanta. Akwai na wata Balarabiya da wani alhaji ya ba ni, wadda kan daɗe tana jan kalma guda har ka ɗauka ta manta sauran, wannan sai bayan la'asar, in rana ta yi sanyi. Na badujalar soja kuwa, wanda ya ce yana son sa sai in dube shi in ci gaba da ɗinkina.

Akwai faifai ɗaya da ban taɓa ce wa kowa ya saurara ba, alhali ya fi su duka.

Wani yaron mota ne ya miƙo mini shi cikin tsohuwar jarida, ya ce kukuma ce, an ɗauka a Ikko. Na ɗora ina cikin ɗinkin wata taguwa. Mai kukumar gwani ne, 'yan amshinsa kuma sun san aikinsu. Can wajen tsakiya ya ɗan tsaya don ya ja numfashi, sai wani daga cikin 'yan amshin ya yi dariya, ya ce, "A gaida mutan gida!" Ƙafata ta tsaya cak a kan keken. Yayana ne. Ko a cikin kasuwa ya yi wannan dariyar zan gane ta.

Yayana shi ne ɗan farin Inna. Tun yana saurayi ya bi wani mai kukuma yana yi masa amshi, daga Katsina sai Kano, daga Kano sai Ikko, inda zazzaɓi ya kashe shi shekara biyu kafin wannan rana. Wani farke mai goro ne ya kawo mana labarin. Ba mu ga gawa ba, ba mu ga kabari ba, ko rigarsa ba ta dawo ba.

Inna kuwa irin matan da ne, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Kakarmu ce ta raine shi. Ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, "wancan" take cewa, ko "yaron nan". Ko ɗan maƙwabta ne mai irin sunan, sai ta laƙaba masa wani. In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa a taƙaice. Ranar da aka faɗa mata rasuwarsa tana kaɗin auduga, ta ce, "Allah shi jiƙan musulmi," ta ci gaba da murza mazarinta. Mata suka yi ta yaba mata. Ni kuwa na ji haushinta, ban ɓoye wa kaina ba.

Da yamma na kai garmahon gida na sa faifan a tsakar gida. Matata tana bakin murhu, Inna tana kan tabarma da audugarta. Da aka zo wurin dariyar, mazarin ya kuɓuce mata ya gangara. Ba ta bi shi da ido ba.

"Ɗauke mani wanga abin surutu," in ji ta. "Kai dai ba ka da aikin yi."

Ta tashi ta shige ɗaki.

Na naɗe faifan a ƙyallen farin yadi, na ɗaukar wa kaina alkawari ba zan riƙa sa shi ba sai jefi-jefi, kuma da sabuwar allura. Ina so in na haihu 'ya'yana su ji muryar baffansu. Ba da jimawa ba damina ta kama, motocin gyaɗa suka ɗauke ƙafa, rumfata kuma tana yoyo, sai na bar garmahon a ɗakina gaba ɗaya.

Wata Juma'a na ɗauko faifan, na ji abin da ya tayar mini da hankali. Farkon waƙar garau, ƙarshenta garau, amma daidai wurin dariyar akwai wani shuu kamar ana zuba gero a ƙwarya. Na ɗaga shi a hasken ƙofa, na ga wurin ya yi fari-fari. Allurar da ke jikin garmahon kuma ta dakushe ƙwarai, alhali gwangwanin a cike yake. Wani yana sa faifan in ba na nan, da allura guda, kuma wuri guda yake maimaitawa.

Na hau matata da faɗa. Na faɗi maganganun da ba su dace ba, har na ce ko ƙannenta ne take bari suna wasa da kayana. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da aikinta, hakan ya ƙara tunzura ni.

Bayan 'yan kwanaki na manta almakashina a gida, na dawo da hantsi. Tun daga zaure na ji kukuma. Dariya, "A gaida mutan gida!", sai shiru. Sai kuma dariyar, sai gaisuwar, sai shiru. Na leƙa ta jikin zana. Matata ba ta nan, ashe maƙwabta Inna take aikenta niƙa kowace safiya. Inna ce durƙushe a ƙofar ɗakina, ta jawo akwatin gabanta. Da hannu biyu take ɗaga kan allurar, ta mayar da ita baya kaɗan ta sauke. Ta iya murɗa hannun, ta iya gano wurin ba tare da ta yi kuskure ba. Duk a kallo ta koya, ta gefen ido, ranar da ta ce in ɗauke mata abin surutu. Canjin allura ne kawai ba ta gani ba, kuma ba ta da bakin tambaya.

Duk lokacin da ya yi gaisuwar, sai na ga leɓenta ya motsa. Amsawa take yi.

Na koma rumfa ba almakashi, ranar ban ɗinka komai ba. In na ce mata na gani, na tona mata asirin da ta shekara talatin da wani abu tana rufewa, kuma na san ba za ta sake taɓa akwatin ba har ta mutu. In na yi shiru, za ta cinye ɗan abin da ya rage mana na yayana.

Na fara da dabara. Da yamma na zauna a tsakar gida na kira matata da ƙarfi, wai ina koya mata garmaho. Na nuna yadda ake kwance ɗan ƙusan, a zare tsohuwar allura, a sa sabuwa, na maimaita har ta fara murmushi. Inna tana gefe ta ba mu baya tana tsintar wake. Washegari na tarar allurai sun ragu a gwangwani, ga tsofaffin an jera su a gindin bango. Na ji daɗi, amma daɗin bai daɗe ba. Ko da sabuwar allura, faifai ba a yi shi don a riƙa tatsar wuri guda kullum ba. Dariyar ta fara nisa, kamar mai yin ta yana bayan katanga.

Na roƙi direbobin da suka rage a hanya su nemo mini irinsa. Aka duba kantunan Kano, aka duba Maraɗi, wani ma ya ce ya tambaya har Zariya. Babu. Mai kukumar ba shahararre ba ne, kaɗan aka buga, sun ƙare.

Sai na ɗauke faifan na kai rumfa, na sa a aljihun keken ɗinki na kulle. Garmahon na bar shi a gida da sauran fayafan, har da na Kwango da na Balarabiya.

Inna ba ta tambaya ba, ba ta canja fuska ba. Tuwonta dai ya fara dawowa kusan yadda aka kai shi, kaɗin ma ta daina, sai ta zauna da audugar a cinya tana kallon ƙofar ɗakina. In na gaishe ta ta amsa lafiya lau. Ni ma na dake, ina ce wa kaina ai gaskiyata ce, ni ma ɗan'uwana ne, ni ma ina da hakki a muryar nan.

Matata ce ta tare ni a zaure wata safiya, ita da ba ta saba tsayar da ni ba.

"Malam, ka maido mata abinta."

"In na maido, ƙarewa za shi yi. Ke ba ki gani ba?"

"Na gani. Amma kai ka sha hira da shi tun kuna yara, kun ci tuwo akushi guda. Ita ko sai yanzu ta samu ta saurare shi ba mai kallon ta."

Raina ya ɓaci, da ita, da Inna, da al'adar da ta hana uwa kallon ɗanta sai ya zama baƙin faifai. Da azahar na dawo da faifan gida. Kafin in ajiye, na rufe ɗaki na sa wa kaina sau ɗaya, na kasa kunne iyakar iyawata don in riƙe. Daga nan na mayar da shi inda yake da, na ajiye sabon gwangwanin allura a kai, na fita. Ban sake sa shi ba, ba na son in ji yadda yake tafiya.

Inna ta ci abinci a daren. Matata ta koma zuwa niƙa maƙwabta kowace safiya, ko da abin niƙa ko babu.

Haka muka ƙare damina. An fara yankan gero, motocin gyaɗa sun fara dawowa ɗaya-ɗaya, wata safiya ina sa hula zan fita sai na ga Inna tsaye a ƙofar ɗakina. Ba ta taɓa zuwa nan ina ciki ba.

"Kai, taho ka duba abin nan naka," in ji ta, tana kallon ƙasa. "Ya ɓaci."

Na fito da akwatin tsakar gida. Na murɗa, na sa sabuwar allura, na sauke tun daga farko. Kukuma ta tashi garau kamar ranar da aka kawo ta. Muka bi ta har inda mai waƙar yake jan numfashi. Sai shuu, allurar ta yi tsalle, mai kukuma ya ci gaba. Babu dariya, babu gaisuwa.

"Sake," in ji ta.

Na sake. Haka dai.

"Sake mashi allura."

Na canja, duk da na san ba allura ba ce. Shuu, tsalle, waƙa.

"Inna," na ce, "wurin ya cinye. Ba shi gyaruwa."

Ta daɗe tana kallon faifan yana juyawa. Sai ta durƙusa a hankali, ta dafa ƙasa, ta kai bakinta daidai inda sauti ke fitowa, ta kira sunan yayana. Sunansa na yanka, cikakke, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya shigo gida magariba ta yi. Matata da ke daka ta tsaya da taɓarya a sama.

Inna ta karkata kunne tana jira. Babu wanda ya ɗaga allurar a cikinmu, mai kukuma ya yi ta waƙarsa har ƙarshe, sauran 'yan amshin suna amsa masa.