Akwatin da Ke Kan Rufin Baba Mai Guga

An haifi Baba Mai Guga ranar tara ga watan Mayu, 1953, kuma wurin kawunsa ya gaji wanki da guga. Shagonsa yana ƙasan wani bene wanda ba shi da filin shanya ko taku ɗaya. Saboda haka a kan rufin benen yake shanya, duk da cewa mai gidan ya rantse ranar da ya ga igiya a can, Baba zai bar shagon. Baba kan hau bayan mai gida ya fita aiki, ya kwashe kafin ya dawo.

Wata shekara masu binciken yanayi suka kafa sanda a rufin, ɗauke da farin akwati da 'yan kofuna masu juyawa. Injiniyarsu, wata matashiya mai tabarau, ta bayyana masa cewa sun baza irinsa ɗaruruwa, domin auna zafi da laima titi-titi.

"Zafin ma sai an auna, 'yata? Wa bai san ana zafi ba?"

"Na wannan titi daban, na wancan daban, Baba."

"To wa yake kai wa rahoto?"

"Ofishinmu, dare da rana."

"Mai gida yana da ɗan'uwa a ofishin naku?"

Ta yi dariya. Dariyar nan ce ta tsaya wa Baba a rai. Ya gaya wa matarsa cewa abin nan yana da ido. Ta ce, "Kai ai ko agogon bango cewa kake leƙenka yake yi."

Bayan 'yan watanni injiniya ta dawo fuska a murtuke. Akwatin wannan rufi, in ji ta, sanyi yake nunawa da rana tsaka, alhali maƙwabtansa duk ƙuna suke. Ta sauya na'urar, ba ta sake zani ba. Ba ta taɓa tarar da komai a sama ba, domin da Baba ya hango motarta a kwanar titi yake sauke kaya. Ta dubi hannuwansa da sabulu ya cinye, ta tambaya ko wani yana hawa.

"Da waɗannan gwiwoyin?" in ji Baba.

Ba ta gamsu ba, ta kai tambayar wurin mai gida. Shi kuwa abu ɗaya ya tsinta a zancen: rufinsa ya fi kowane rufi sanyi. Ya sa aka kafa rumfa, aka hau da kujeru, ya garƙame ƙofar bene da kwaɗo. Sanyin dai bai taɓa jinsa ba.

Da shanya ta gagara, masu kawo wanki suka janye, Baba ya rufe shago ya koma gidan ɗansa, inda ya rasu. Bai taɓa gaya wa kowa ba, har matarsa, cewa kullum kafin ya ɗaura igiya, jiƙaƙƙen zanen gado yake lulluɓa wa akwatin don kada ya gan shi.