Menahem Baduku, Wanda Aka Haifa Don Share Hawaye

A unguwar Yahudawan garin Karmana, can ƙasar Uzbek, ba a tambayar mai suna Menahem ko yana da wa. An san yana da shi, an kuma san inda yake kwance. A Ibraniyanci ma'anar sunan ita ce mai sanyaya zuciya, wanda ke zuwa ya share wa mai makoki hawaye, shi ya sa mutanenmu ba su cika raɗa shi ba sai a gidan da aka binne yaro. Su uku ne a unguwar. Akwai Menahem wanzami, wanda ƙyanda ta kwashe yayyensa biyu a mako guda. Akwai Menahem gurgu mai sayar da ruwan sanyi a tashar jirgi. Sai namu, Menahem baduku, ɗan Yuhanan marini.

Wansa Abner bai daɗe da yaye ba ya faɗa rijiyar rini a tsakar gida. Uwarsu Zilfo ta juya ne kawai ta ciro gurasa daga tanderu. Da aka tsamo shi har cikin bakinsa shuɗi ne. Shekara na zagayowa ta haifi namiji, ranar kaciya Yuhanan ya sunkuya ya raɗa wa Mulla Finhas, malamin unguwa, sunan a kunne, jama'a suka ce amin. Haka aka ɗora wa jariri ɗan kwana takwas aiki ba a yi shawara da shi ba.

Zilfo ba ta cuci yaron ba, kada a ɗau alhakinta. Ta shayar da shi, ta ɗinka masa riga, ba ta taɓa ɗaga masa hannu ba. Dariya ce dai ba ta yi. In ta idar da aiki sai ta zauna bakin rijiyar da aka cike da ƙasa, ta zuba tagumi. Shi kuwa uban, da ya hango ta sai ya dunguri yaron.

"Kai, je ka zauna kusa da uwarka. Don me aka haife ka?"

Sai ya je. Ya yi mata kukan jaki, ya yi tafiyar Mulla Finhas, ya tsinko mata inabi. Ta dube shi ta ce, "Sannu," ta mayar da ido ga ƙasa. Da abin da ya tashi ke nan. Burinsa a duniya guda ɗaya ne, ya ga ranar da zuciyar Inna za ta yi sanyi.

Ya girma, ya kafa rumfar gyaran takalma daura da shagon takwaransa wanzami, mutumin da bakinsa ba ya rufuwa.

"Takwara, ni fa tawa uwar tun ina rarrafe ta warke, har gori take mini wai na cinye gida. Kai ba ka iya aikin ba ne, ko ƙusa ake buga wa zuciya?"

"An ce suna linzami ne," in ji Menahem, bai ɗago kai ba.

"Linzamin wa? Ka tambayi Mulla. Akwai wani sarkin Isra'ila a zamanin da, sunanmu gare shi, ba irin ta'asar da bai yi ba. Wa ya sanyaya wa zuciya? Rabu da zancen suna, ka ci tuwonka."

Menahem bai rabu ba. Bayan Yuhanan ya rasu ma sai abin ya ƙaru, don yanzu ba mai dungurinsa, shi ke tura kansa. Kowace Juma'a kafin Asabaci, ranar hutun Yahudawa, ya shiga zai rufe rumfa ya raka Inna maƙabarta, ya tsaya nesa yana kallonta tana goge ɗan ƙaramin dutsen da gefen ɗankwalinta. Ya auri Burho, mace mai fara'a da son hira, yana cewa a ransa ko jikoki za su yi abin da ya kasa. Aka haifi Gabriel, aka haifi Tamara. Zilfo ta goya su, ta ciyar da su, ta koma bakin rijiyarta.

Sai aka buɗe hanyar tafiya Isra'ila. Unguwa ta shiga zubewa kamar ganyen kaka, yau wannan gida an rufe, gobe wancan. Gurgu ya tafi da sandarsa. Wanzami ya sayar da kujerar aski ya bi. Zilfo ta ce ita ba inda za ta ta bar yaro shi kaɗai a cikin ƙasa.

Ranar da Burho ta gaji, tana tsince shinkafa ne, ta ture tiren.

"Baban Gabriel, wanda ya mutu ya mutu. Waɗannan biyun fa, masu numfashi? Ko sai sun faɗa rijiya za ka gan su?"

"Burho, ki yi haƙuri. Ku yi gaba. Inna ta tsufa, ba za a daɗe ba zan biyo ku."

"Wallahi tsohuwar nan sai ta ga bayanmu duka."

Ta faɗa ne cikin fushi, amma bakinta ya kama. Ya raka su tasha, ya dawo ya dafa wa Inna shayi. Yara suka girma a can ba shi, Gabriel ya yi aure ba shi. Wani hunturu waya ta zo cewa Burho ta kwanta, kafin ya gama neman izinin tafiya an riga an rufe ta. Ya yi zaman makokinta a ƙasa shi kaɗai, Inna na kawo masa dafaffen ƙwai, abincin masu makoki, tana ajiyewa. Ya yi kuka, kuka mai cin rai, ya kuma ji haushin tsohuwar har ya tsorata da kansa. Duk da haka Juma'a na zuwa ya ɗauko mata takalmanta.

Zilfo ta haura tis'in kafin ta kwanta, hankalinta kuwa garau, ba abin da ya taɓa shi. Menahem kansa ya yi fari fat, ko zare ba ya iya zurawa a allura. Da hantsi ne, ya ɗaga kanta ya ba ta ruwa, sai tambayar da ya haɗiye tun yana yaro ta kufce masa.

"Inna, don Allah ki gaya mini. Ko sau ɗaya, na sanyaya miki zuciya?"

Ta daɗe tana kallonsa, kallo na mamaki.

"Au, abin da kake yi ke nan duk shekarun nan?"

"Don shi aka sa mini suna, Inna."

"Ubanka ya sa maka, don shi ya gaji da ganin fuskata. Ni ban roƙi kowa ya lallashe ni ba. Ni na juya baya, Menahem. In zuciyata ta yi sanyi, wa ya rage wa Abner?" Ta numfasa, ta dafa hannunsa. "Kai yaron kirki ne. Na ɗauka garin ne ba ka son bari. Da ka tambaye ni tun Burho na nan, ai da na ce maka ka bi matarka."

Ya ajiye kofin a hankali don kada ruwan ya zube mata. Ya buɗe baki, ya rasa da wa zai yi faɗa, ubansa na ƙasa, Mulla Finhas na ƙasa. Ta ce ƙafafunta na jin sanyi, ya jawo bargo ya rufa mata.

Ta cika kafin la'asar. Yahudawan da suka rage ba su kai goman da ake bukata don addu'a ba, maƙwabtansa Uzbek ne suka kama masa haƙa kabari. Gabriel ya bugo waya ya ce, "Baba, yanzu sai ka taho." Menahem ya ce to. Har ya mutu bai je ba.