Kan da Auta Ba Ta Taɓa Sa wa Almakashi Ba

Auta ake ce mata har yau, ko da yake furfura ta cinye rabin kanta. Shagonta ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Kujeru biyu ne a ciki, da madubi, da kwanon wanke kai, da aljihun tebur da ba mai buɗewa sai ita. A nan almakashinta yake, naɗe a ƙyalle. Ba ya yanka zare, ba ya yanka takarda, sai gashi. Mai gyaran waya ya taɓa ara ya yanke salatif, ya daɗe yana gaisuwa ba a amsa masa ba. Dalilinta shi ne, almakashi in ya dakushe ba yanka gashi yake ba, taune shi yake, bakin ya sake tsagewa.

Masu dogon gashi mai laushi su suka fi zuwa wurinta, kuma magana ɗaya take gaya musu. Bakin gashi shi ne tsohon ciki, shi ya fi shan taza da rana da gugar riga. In ya tsage biyu, babu man da zai haɗa shi, sai dai ya ɓoye tsagar na wuni guda. Tsagar kuwa hawa take yi sannu a hankali, har silin ya karye. Maganinta a yanke daga samanta tun tana ƙasa. Mata sukan yi mita, su ce ta cika son yanka, amma su dawo.

Kai ɗaya ne ya gagare ta, na yayarta.

Yaya ce ta rene ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Guga take yi a wani otal, wuni guda tana tsaye cikin tururi, gashinta tamke a cikin hular aiki. In ta dawo gida ta cire hular, sai ya zubo har ƙugu, siriri kamar zaren ɗinki, mai santsi har kum yana zamewa. Auta tana ƙarama take hawa kujera ta taje mata. A kan nan ta koyi cewa daga ƙasa ake fara taza a yi sama, kuma ba a jan gashi yana jiƙe. Amma Yaya ta taɓa yin zazzaɓi mai tsanani tana yarinya, aka yi mata askin ƙwal-kwabo, yaran makaranta suka yi ta binta da waƙa. Tun ranar da gashin ya fito ta rantse ƙarfe ba zai ƙara taɓa shi ba.

Haka suka girma, suka yi aure, suka tsufa, rigimar tana nan.

"Yaya, bari in rage bakin nan, ko da gaɓar yatsa ce."

"Ki fara rage harshenki."

"Duk ya tsage, wallahi. Kamar tsintsiya."

"Tsintsiyarki ce? Miƙo mini man can."

Sai ciwo ya zo. Yaya ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ɗanta, direban babbar mota da ake ce wa Dogo, ya ɗauko ta zuwa gidansa a hawa na uku na wani bene. Matarsa ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Ita ke wanke ta, ta canza mata shimfiɗa, kullum da safe ta lafta mata mai mai kauri a gaban goshi, ta shafe, ta ɗaura mata ɗankwali. Auta takan zo bayan ta rufe shago. Amma duk lokacin da ta kai hannu wajen ɗankwalin, sai Yaya ta doke shi da hannun hagu, mai lafiyar, ta zaro mata ido. Tana ganin Auta, almakashi take gani. Ita kuma Auta sai ta janye, don ba ta saba tilasta wa Yaya a kan abin da ya shafi jikinta ba.

Wata rana da hantsi, tana tsakiyar wanke wa wata kai, Dogo ya kira ta a waya.

"Inna, nas ta zo. Mama na da zazzaɓi, kuma wari na fita daga ƙeyarta. Ta ce gashin ya dunƙule, ba ta ganin fata. Za ta dawo bayan ta gama zagayenta na rana, dole ta ga wurin. Na aro kilifa wurin mai aski."

"Ka aro me?"

"Kilifa, Inna. Injin aski."

"Kada ka kuskura ka kunna ta kafin in zo."

Ta ɗauraye wa matar kai a gurguje, ta ba ta haƙuri, ta zuba kayan aiki a jaka. Ta ɗan tsaya a gaban aljihun tebur, sannan ta buɗe.

Ɗakin Yaya ƙarami ne. Gadon ƙarfe, katifa mai rigar leda, fanka, da kabad mai madubi a jikin ƙofa. Ta taga ana jin masu gyaran mota suna bugun ƙarfe a ƙasa. Kilifar tana kan kujera, an riga an sa ta a caji, ƙaramar fitilarta ja tana ƙiftawa. Yaya ba ta ko dubi mai shigowa ba. Idonta na kan fitilar nan, numfashinta na fita da sauri.

"Yaya, ni ce. Yau kam sai na gani, ko za ki karya mini hannu."

Dogo ya juya mahaifiyarsa ta kwanta a gefe, ya tallafe ta. Auta ta kwance ɗankwalin. Gaban kai lafiya lau, yana ƙyalli. Amma daga tsakiyar kai zuwa ƙeya, dukan tsawon gashin nan ya naɗe ya koma dunƙule ɗaya, tauri kamar soson wanka da ya bushe, manne da fata. Ta gane yadda aka yi. Tsagaggun bakin nan kamar ƙaya suke, kowanne na kama na kusa da shi. Kwanciya ta yi ta murza su a jikin filo, man kuma ya liƙe su wuri ɗaya. Warin ya bugo ta, ba ta nuna ba.

Matar Dogo na tsaye a bakin ƙofa, ta rufe baki da mayafi. "Kullum sai na sa mata mai, Inna. Wallahi kullum."

"Na sani, 'yata. Ɗora mini ruwa, mai ɗumi ba mai zafi ba."

"Inna, a aske kawai," in ji Dogo. "Gashi ne fa, zai fito. Ciwo na cin ta a ƙasa, mu muna lallashin gashi?"

"Dubi idonta, sannan ka sake faɗa."

Ya duba. Ya kawar da kai. "To in nas ta zo ba ki gama ba?"

"In ta zo ban gama ba, ni da kaina zan miƙa maka kilifar."

Ta shimfiɗa tawul, ta jiƙa dunƙulen, ta zuba masa man laushi marar nauyi, ta bari ya sha. Ba ta ɗauki kum ba. Da yatsu ta fara, daga gefen da ya fi nisa da fata, tana zaro sili-sili da bakin tsinke. Aiki ne da ba ya son sauri, ga shi kuma sauri ake yi. Rana ta matso kan taga, gumi na ɗiga daga haɓarta. Ta samu ta warware wani yanki, ta koma na gaba. Da ta waiwayo, na farkon ya sake sarƙewa. Bakin nan mai reshe-reshe ba ya barin abin da ya taɓa. Ta sake warwarewa, ya sake kamawa.

Dogo ya dubi wayarsa. "Nas ta ce ta bar gidan ƙarshe."

Auta ta goge hannu. Ta san abin da ya rage. Ta ciro ƙyallen almakashin daga jaka a bayan Yaya, tana warwarewa a hankali don kada ya yi ƙara. Ta manta da madubin kabad.

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Yaya, ba kuka ba, ba magana ba. Hannun hagun nan ya zagayo baya ya cafke wuyan hannun Auta, farce ya shige. Jikinta duka ya sandare, har Dogo ya kusa sakinta.

"Mama! Mama, za ki faɗo!"

"Bar ta," in ji Auta. Ta ajiye almakashin a kan katifa inda Yaya za ta gan shi. Ta zagayo gabanta, ta durƙusa duk da ciwon gwiwa, ta jawo wani yanki da ta warware, ta shimfiɗa shi a kan farin tawul dab da fuskarta.

"Duba da kanki. Nan ya rabu biyu. Nan uku. Waɗannan fararen ɗigon, wurin karyewa ne. Su ne suke riƙe da sauran, Yaya. Ba zan yanka ko sili ɗaya ba sai kin yarda. Amma nas ɗin da ke zuwa ba za ta tambaye ki ba, kuma ba laifinta ba ne, akwai abu a ƙasan nan. Ko ki ba ni wani, ko su ɗauke duka."

A ƙasa an daina bugun ƙarfe. Ba a jin komai sai fanka.

Yaya ta saki hannun. Yatsunta suka lalubi gashin, suka kama can wajen baki, abin da bai kai faɗin farce ba. Auta ta girgiza kai, ta matsar da yatsun sama sosai. Yaya ta ja su ƙasa. Auta ta mayar.

"Kai, jama'a," in ji Dogo, "yanzu kuma ciniki ake yi?"

Ba wadda ta kula shi. Yaya ta rufe ido. Ta kai hannu can sama kusa da kunne, inda gashin yake da santsi, ta biyo shi a hankali tsakanin yatsa biyu. Ta wuce wuya. Ta wuce kafaɗa kaɗan. A inda santsin ya ƙare kaushi ya fara, ta tsaya. Ta matse wurin, ba ta buɗe ido ba.

Fiye da rabin tsawon ke nan. Auta ba ta yi niyyar roƙon da ya kai haka ba.

"A nan?"

Yatsun ba su motsa ba.

Ta yanka dab da ƙasansu. Daga nan ta bi yanki-yanki: ta warware, ta auna da na farko, ta yanke. Wanda aka yanke wa baki ya daina kama na kusa da shi. Dunƙulen ya fara saki, yana raguwa. Amma tsakiyarsa, daidai ƙeya, ya ƙi. Tana cikin tura tsinke aka ji taku a matakala.

Nas ɗin mace ce gajera, da jaka a kafaɗa, gajiya a fuska. Ta dubi gashin da ke kan tawul, ta dubi kilifar, ta sa safar hannu, ta juyo wajen Auta.

"Baba, ba ni da lokaci da yawa. Zan ga fata ko ba zan gani ba?"

"Riƙe mini fitilar wayarki nan," in ji Auta.

Auta ta zura bakin almakashi cikin ragowar dunƙulen, ba a kwance ba, a tsaye, ta bi tsawon gashin ta tsaga shi kamar ana ɓare lemo. Ya buɗe. A ƙarƙashinsa ga gyambo, faɗin murfin kwalba, ja, yana ruwa.

Dogo ya ja numfashi. Auta ta ɗago ta dube shi. "Ka yi gaskiya, ɗana. Da an ƙara kwana, da ba wannan zancen muke ba."

"Dole a share kewayensa," in ji nas. Ta miƙa hannu wajen kilifar. Tana latsawa ta yi ƙara, Yaya ta zabura, gadon ya girgiza.

"Kashe ta, don Allah. Nuna mini iyakar da kike so."

Nas ta kashe. Ta zana da'ira da yatsa. Auta ta ware gashin sama, ta ba matar Dogo ta riƙe, ta bi da'irar da bakin almakashi dab da fata, tana hurawa, har wurin ya fito fes. Nas ta wanke, ta sa magani, ta rufe da auduga. Ta ce kada a ƙara barinta ta wuni a rigingine, kuma in zazzaɓin bai sauka ba zuwa gobe, asibiti za a kai ta.

Da aka saki gashin sama, ya sauko ya rufe audugar. Auta ta taje shi da kum mai manyan haƙora, kum ɗin ya wuce bai tsaya ko'ina ba. Ta raba shi gida biyu, ta kitsa sako-sako, ta kawo kowanne gaba ta kan kafaɗa don kada a kwanta a kansa. Ta sa aka naɗe filon da tsohon mayafi mai santsi. Ta nuna wa matar Dogo yadda za ta ɗaga kan kowace safiya ta duba ƙeya, da ɗan ɗigon man da ya isa, a baki kawai.

Sannan ta juya ƙofar kabad don madubin ya fuskanci gado.

Yaya ta ƙi kallo. Ba ta dubi madubin ba, ba ta dubi Auta ba, ta kafe ido a bango, hawaye na gangarowa ta gefe ɗaya. Amma hannunta ya hau ƙirji, ya sami kitson, ya bi shi har ƙarshe. Bakin ya yi kauri, ya tsaya daidai. Ta murza shi a tafin hannunta, ta sake murzawa, ta dunƙule hannu a kansa.

"Yi fushinki, Yaya," in ji Auta, tana dafa gado ta miƙe da ƙyar. "Naki ne dai, yana kanki."

Ta ce wa Dogo ya mayar wa mai aski kayansa tun bai rufe ba.